Megabait 6 kacal: abin da mai zanen Street Fighter II ya sani, masu haɗa manhaja na yau suka yi watsi da shi

Buɗe ma'ajiyar hotunan wayarka, ka zaɓi hoto guda da ka ɗauka da kyamarar baya, ka duba nauyinsa. A yawancin wayoyin da muke riƙewa za ka ga megabait 2 ko 3, wani ma ya haura 4. To duk zanen da ke cikin Street Fighter II, gem ɗin da kamfanin Capcom na Japan ya fitar a 1991, megabait 6 ne. A ciki akwai 'yan dambe 12 da kowane motsinsu, da giwayen filin Dhalsim a Indiya, da jirgin yaƙin da ke bayan Guile, da masu keke da ke giftawa a kasuwar Chun-Li, da motar da ake farfasawa don samun maki, har da haruffan da ake rubuta sunaye da su. Hotunan wayarka biyu ko uku sun ɗauke su kaf.

Ra'ayina a nan shi ne: duk wanda zai yi zane domin na'ura, ko gem ne ko manhajar waya, wajibi ne ya san nauyin abin da ya zana, ya kuma san yadda na'urar za ta ɗauke shi. Wannan ba aikin mai rubuta kod kaɗai ba ne. Mutumin da ya jagoranci zanen Street Fighter II, Akira Yasuda, wanda duniyar gem ta fi sani da laƙabin Akiman, ya gina sunansa a kan wannan sanin. Mu kuwa da muke haɗa manhajoji don mutanen da wayarsu ke kukan cikewar memori kullum, mun fi kowa buƙatarsa, mun kuma fi kowa sakaci da shi.

Akwatin da ke cin tsaba

Kafin mu je ga Akiman, ya kamata mai karatu ya gane irin injin da ya yi wa aiki, domin ya sha bamban da gidan gem ɗin unguwa inda ake biyan mai shago a buga ƙwallo a PlayStation. Injin aked akwati ne mai allo da sandar juyawa da maɓallai, gem ɗaya ne a cikinsa, kuma ba ya motsi sai ka jefa masa tsabar kuɗi, a Japan galibi yen 100. Akan jera irinsu da yawa a ɗaki ɗaya, kowanne na ihu yana walwali. Mai shagon da ya sayi allon gem da tsada yana ƙirga tsabar da ta shiga kowane akwati. Wanda bai tara ba, a cire shi a sa wani. Saboda haka mai zane yana da 'yan daƙiƙu ne ya tsayar da mai wucewa ya sa shi lalube aljihu.

An haifi Yasuda a 1964 a Kushiro, a tsibirin Hokkaido da ke arewacin Japan. Ya shiga makarantar koyon zane a Tokyo amma bai kammala ba. A 1985 ya samu aiki a Capcom, kamfanin da ke Osaka, a ƙarƙashin Yoshiki Okamoto. Ya yi aiki a gem ɗin harbi mai suna Side Arms na 1986, sannan Forgotten Worlds na 1988, wanda shi ne gem na farko da ya fito a kan sabon allon lantarki na kamfanin, CP System, da aka fi kira CPS-1 daga baya.

A wannan aikin ne halinsa ya fara bayyana. Allon CPS-1 yana fitar da hoto mai ɗigo 384 a kwance, 224 a tsaye, a kan talabijin irin ta da mai ƙeya, wadda faɗinta da tsayinta suke huɗu da uku. Yi lissafin za ka ga ɗigon ba zai fito murabba'i ba, zai fi tsayi a kan faɗi. In ka zana da'ira a takarda mai gidaje daidai wa daida ka shigar, a allo ƙwai za ka gani a tsaye. Akiman ya ba da labarin cewa ya lura da hakan ya kai ƙara, aka ce masa ɗigon daidai yake, sai daga baya aka tabbatar idonsa ne ke da gaskiya. Injin bai canza ba, don haka masu zanen suka koma amfani da takarda mai gidaje masu siffar ɗigon allon, yadda abin da hannu ya zana shi ido zai gani.

Abin da ya burge ni a nan, mai zane ne ya gano matsalar da ke cikin ƙarfe. Bai ce wannan ai ta injiniyoyi ce ba.

Sai Final Fight a 1989, wanda ya yi tare da Akira Nishitani. A lokacin ana fama da ƙarancin guntayen ma'adana a kasuwa, farashinsu ya tashi, gem ɗin ya samu megabait 2 kacal na zane. Duk da haka Haggar da Cody da Guy suka fito manya-manya a allo, suna ratsa titunan birni cike da 'yan daba. Duba da kyau za ka ga da yawa daga 'yan daban nan jiki ɗaya ne aka canza wa launin tufafi, wani lokaci da kai, aka ba su sunaye daban. Mai wasa da ake rufarwa ta ko'ina ba shi da lokacin lura.

Almakashi da gam

Ga yadda injin yake kallon hoto. Ba ya sanin wani abu wai shi Ryu. Abin da ya sani ƙananan tayil ne, kamar na daɓen ɗaki, kowanne ɗigo 16 a kwance 16 a tsaye, wato ɗigo 256. Kowane ɗigo yana cin bit 4, wanda ke ba da zaɓi 16. Ɗaya daga ciki an ware shi ya zama "babu komai a nan" domin a hango abin da ke baya, saura launi 15. Tayil guda bait 128 ke nan. Raba megabait 6 da wannan, za ka samu gurbin tayil 49,152 in da duka za a cika su da irin wannan girman. Wannan shi ne jarin duka, kuma daga cikinsa filaye da rubutu za su ci nasu kason kafin a zo ga 'yan dambe. Injin ba ya iya juya hoto ya karkata, ba ya iya ƙara masa girma ko rage shi. In kana son a ga mutum ya wuntsila a iska, sai ka zana kowane matakin wuntsilawar da hannunka, kuma kowanne da kuɗinsa.

Yadda suka riƙe lissafin shi ne wurin da na fi so a duk labarin. Sun yi amfani da takardu, kowace mai gidaje 16 sau 16, wato tayil 256, daidai da wani yanki na ma'adanar injin. Kowane ɗan dambe da adadin takardun da aka ware masa. Mai zane zai zana tsayuwa ko naushi, a yanka hoton da almakashi bisa layin tayil, a manna gutsattsarin a takardar, ana cusa hannu a nan, ƙafa a can, duk inda gurbi ya rage. In takardunka sun cika, ka gama, ko kana da sauran dabara a ka. Bayan nan ne ake shigar da zanen kwamfuta ɗigo bayan ɗigo ta madannai.

Duk wanda ya taɓa zama shagon tela mai hankali ya san wannan aikin. An kawo yadi huɗu, ana son riga da wando, tela ya shimfiɗa ya yi ta juya alli kafin almakashi ya taɓa, domin inda ya yanke ba ya komawa. Ƙyallen da ya rage shi ne aljihu da wuya. Bambancin kawai, masu zanen Capcom suna ɗinka wa mutum 12 ne daga bandir ɗaya, kuma wani kamar Zangief ƙato ne, kowace tsayuwarsa tana cin tayil fiye da ta siririn Dhalsim.

Daga nan dabaru suka fito. Ken da Ryu kusan jiki ɗaya suke amfani da shi, an canza jerin launuka daga fari zuwa ja, an ɗora wani kai. In ƙafafun mutum ba su motsa ba tsakanin hoto biyu, ba a sake zana su, na farkon ake sake kira. Ba a zana mai kallon hagu daban da mai kallon dama, domin injin yana iya kifa tayil kamar a madubi. Shi ya sa ƙyallen da ke rufe idon Sagat yake sauya ido duk lokacin da ya juya. Sun san da haka, sun bar shi, domin gyaransa zai ci gurbin da ya fi amfani a wani wurin. Wannan hukunci ne na mai zane, ba na akawu ba: me ido zai yafe, me ba zai yafe ba.

Kuma kada a ɗauka zanen nan ado ne. A gem ɗin faɗa, zane shi ne doka. Street Fighter II yana da maɓallai shida, naushi uku da shuri uku, daga mara nauyi zuwa mai nauyi, kuma kowanne yana canzawa in kana tsaye, ko durƙushe, ko a sama, wasu ma in kana kusa ko nesa. Allon yana sabunta hoto kusan sau 60 a daƙiƙa. Naushi mara nauyi yana fita nan take, mai nauyi yana ɗaukar lokaci kafin ya sauka da kuma kafin hannu ya dawo, kuma a wannan ɗan tsakanin ne abokin karawa yake samun ƙofa. Ta ina zai san ƙofar ta buɗe? Ta zanen. Dole hoton ɗaga kafaɗa ya bambanta da na saukar naushi ta yadda ido zai karanta kafin tunani ya iso. Dole ka gane Blanka daga Honda ko da inuwarsu kawai ka gani. Mai zanen da aka ce yana da hotuna uku ko huɗu don nuna shuri guda, sai ya zaɓi waɗanda suka fi faɗin gaskiyar motsin ya zubar da sauran. Chun-Li, wadda Akiman ya zana da kansa, tana nan a sababbin fitowar gem ɗin fiye da shekara 30 bayan haka, da shuɗin kayanta da ƙullin gashinta biyu, kuma daga nesa za ka gane ta.

Harafin da aka gyara da ƙwaurin Guile

Akwai labarin da Akiman ya bayar da bakinsa, wanda masu binciken tsofaffin injina suka bi diddigi a cikin ma'adanar gem ɗin suka ga shaidarsa. Cikakken sunan gem ɗin shi ne Street Fighter II: The World Warrior. Kwana uku kafin wa'adin miƙa aiki, ya lura an rubuta kalmar ƙarshe Warrier, da "e" a gurbin "o". Ga shi an riga an ƙona zanen a guntayen ma'adana, irin waɗanda in an rubuta ba a gogewa. Babu damar ƙara ɗigo ko ɗaya. Abin da ya rage a iya taɓawa shi ne umarnin da ke gaya wa injin wane tayil zai ajiye a ina.

Sai ya duba kalmar World, ya ga akwai "or" a cikinta. Ya cire tayil ɗin ƙarshen kalmar da ta lalace, ya kira na "or" ya ajiye a wurin. Amma tayil ba ya bin iyakar harafi. Wanda ya aro ya taho da guntun ƙafar W, wadda ta tsaya kamar harafin "l", kalmar ta koma Warrlor. Ana buƙatar a datse saman wannan sandar don ta zama "i" mai ɗigo a ka, kuma injin ba shi da umarnin zana ɗigo ɗaya, tayil kawai ya sani. Ya bi takardun 'yan dambe har ya samu wani tayil a ƙwaurin Guile wanda ɗigo ɗaya tak ke cikinsa, sauran fili ne. Ya mayar da shi alƙalami: aka ba shi launin da ya dace, aka ɗora shi sau uku a jere a kan sandar, ta rabu biyu, "i" ta fito. Haka gem ɗin ya shiga kasuwa, miliyoyin mutane suka kalli wannan allon ba su ga komai ba.

Wanda bai san takardun nan kamar tafin hannunsa ba, ba zai ma yi tunanin neman ɗigo a ƙafar Guile ba. A 1992 kuma aka matse gem ɗin gaba ɗaya, zane da sauti da kod, cikin kaset mai megabait 2 na Super Nintendo, aka sayar da fiye da miliyan 6.

Mu dawo kan wayar da ke hannunka

Za a ce wannan tarihi ne, yanzu wuri ya yi arha. A wayar wa? Wanda ke zana manhaja a kan babbar kwamfuta da intanet na ofis ba ya jin nauyin abin da ya yi. Mai jin nauyin shi ne mai itel ko Tecno da RAM gigabait 2 ko 3 da ma'adana gigabait 32, wadda WhatsApp ya riga ya cinye rabinta da bidiyon biki da wa'azi. Shi ne zai tsaya yana zaɓen abin da zai goge kafin ya sauke manhajarka. Shi ne zai ga an ce ya sabunta, ya duba ragowar datarsa ya fasa. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari, don haka kowane megabait da ka ɗora wa mutum ba gaira ba dalili, daga aljihunsa ka cira. Ba banza ba mutanenmu suka riƙe Xender, ba banza ba Facebook ya fitar da Facebook Lite a 2015, Google kuma ya fito da Android Go a 2017. Manyan kamfanonin sun ƙirga, sun ga akwai kasuwar da nauyi ke kora.

Kuma nauyin fayil rabin labarin ne. Hoton da ka gani megabait 3 a matse yake. Kafin waya ta nuna shi sai ta warware shi a RAM, inda a tsarin Android na yau da kullum kowane ɗigo ke cin bait 4. Hoto mai ɗigo 4000 sau 3000 ɗigo miliyan 12 ne, wato kimanin megabait 48 in an buɗe shi yadda yake, kusan ninki takwas na duk zanen Street Fighter II. Hoton bango guda mai cika allon 1080 sau 2400 ya kai megabait 10. Jera irin waɗannan biyar ko shida a shafin farko na manhaja ba tare da an rage su ba, ka ba mai ƙaramar waya, sai ka ji yana cewa manhajar tana fita da kanta. Zai zagi wayarsa, ko ya zagi netwok, alhali laifin yana wurin wanda ya saka hoton.

Ina yawan karɓar gyaran manhajojin da wasu suka fara, na makarantu da na 'yan kasuwa, kuma kusan kullum abin da na fara tararwa ke nan: tambari da aka zana da girman allon talla, aka jefa shi yadda yake don ya zauna a wurin da bai kai farcen babban yatsa ba. Mai zanen ya tura ta WhatsApp ya karɓi kuɗinsa. Mai kod ya saka ya ga ya fito a wayarsa mai tsada. Babu wanda ya tambayi nawa ya ci. Magungunan kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Tambari da alamomi a yi su da zanen layi irin SVG, wanda lissafi ne ba tarin ɗigo ba. Hotuna a rage su zuwa girman da za a nuna, a mayar da su WebP. Play Store ma tun Agustan 2021 yake tilasta wa sababbin manhajoji tsarin App Bundle don kowace waya ta sauke abin da ya dace da ita kawai. Kayan aiki sun wadata. Abin da babu shi ne takardar nan ta Capcom, wato wani adadi da aka amince da shi tun farko, wanda mai zane da mai kod duka suke gani, in ya cika a tsaya.

Akwai ƙorafi biyu da nake ganin suna da ƙarfi, ba zan kauce musu ba. Na farko, ƙunci ba ya haifar da gwaninta da kansa. Daruruwan gema-gemai sun fito a kan injina masu irin wannan iyakar, yawancinsu munana ne, an manta da su. Kuma masana'antar gem ta Japan a wancan zamani ta shahara da kwana a ofis da aikin da ba ya ƙarewa. Ba wanda zai so a dawo da wannan. Na yarda. Ba wahalar nake yabo ba, sanin nake yabo. Akiman ya yi fice ne don ya fahimci iyakar fiye da sauran masu zane, ya san inda zai kashe tayil da inda zai yi rowa.

Na biyu, lokaci ma kuɗi ne. Matashin da aka ba kwangilar manhaja a kan kuɗi kaɗan da wa'adin sati biyu zai ce ba shi da sararin ƙirga bait. Nan kam ban yarda ba. Rage hotuna da canza musu tsari aikin yini ɗaya ne, ko ƙasa da haka in an saba. Wanda ba shi da yini ɗaya don wannan, zai kashe sati yana amsa kiran mai kwangila a kan me ya sa mutane ke sauke manhajar suna gogewa.

Sai batun ƙirƙirarriyar basira, wanda na san yana ran mai karatu. Yau kana rubuta jimla ɗaya ta ba ka jarumi da takobi da walƙiya a bayansa, ya fi duk abin da injin 1991 zai iya nunawa ƙyalli. Ina amfani da ita, ba na ƙyamarta. Amma hoto mai kyau daban, kayan gem daban. Gem yana son jarumin nan a tsaye, a durƙushe, yana naushi, yana faɗuwa, duka da fuska ɗaya da tsayi ɗaya, a girman da zai karantu a allon inci shida a hannun mai tafiya cikin Keke Napep, kuma duka su shiga cikin nauyin da aka ƙayyade. Wani ne zai yanke hukuncin wane hoto ya isa, wanne ya yi yawa. Na'urar da ke zubo hotuna ba iyaka ta ƙara wa wannan mutumin daraja ne, domin yanzu samar da hoto ba shi ne wahala ba, zaɓe da ragewa su ne.

Kada kuma a zaci sanin ƙarfe ya tauye Akiman ya zama mai ɗigo kawai. A 1999 shi ya zana mutanen fim ɗin katun na Turn A Gundam na Yoshiyuki Tomino. Ya je Kalifoniya a Amurka ya yi aiki da kamfanin Angel Studios a kan Red Dead Revolver, gem ɗin kaboyi da Capcom ya fara ɗaukar nauyi ya saki, Rockstar ya fitar a 2004, wanda daga zuriyarsa Red Dead Redemption ya fito. Ya bar Capcom a 2003 ya koma cin gashin kansa, ya zana injinan yaƙi na Code Geass a 2006, ya zana jaruman Star Ocean na 2016 da na 2022. A gefe guda, laƙabin nan nasa ma yana da tarihi: kamfanonin Japan na lokacin sukan sa ma'aikata su ɓoye sunayensu a ƙarshen gem, kuma dalilin da aka fi bayarwa shi ne kada abokan gasa su farauce su. Yoko Shimomura, wadda ta tsara yawancin kiɗan Street Fighter II, da sunan Shimo-P. ta fito. Shi dai Akiman laƙabin ya bi shi har ya fi sunan yanka tashe.

Ga mai son gwada wannan horon, ba sai ka sayi komai ba. Akwai TIC-80, wata kwamfutar wasa ta kyauta da ke aiki har a Android, wadda da gangan aka ƙuntata ta: allo mai ɗigo 240 sau 136, launi 16, da wurin zane da na kod da na sauti duk a ciki. 'Yar'uwarta PICO-8 ta kuɗi ce, allonta 128 sau 128, kuma a kanta ne aka fara yin Celeste cikin kwana huɗu a 2015 kafin a faɗaɗa shi ya zama gem ɗin da ya ci kyaututtuka a 2018. In zane kawai kake so, Piskel yana buɗewa a burauza, LibreSprite kuma a kwamfuta. Zana ɗan damben gargajiya, da hannunsa ɗaya a naɗe, a cikin gida 32 sau 32, da launin da bai wuce 15 ba. Ba shi hotuna uku kacal: ya ja baya, ya kai naushi, ya dawo. Sannan ka miƙa wa ƙaninka wayar ba tare da ka yi masa bayani ba, ka tambaye shi da wane hannu mutumin ya yi dukan.